Yadda na daina kai ragowar abinci juji

Sana'ata sayar da abinci a Garwa ta ƙasar Kamaru, shinkafa da wake da safe, tuwo da miyar yakuwa da yamma. Kafin la'asar bokiti ya cika da ɓawon albasa, ruɓaɓɓen tumatir, ƙanzo da abin da masu ci suka rage. A da, a leda nake ƙulle su yaro ya kai juji.

Ƙanena da ya karanci aikin gona a Marwa ne ya ce, "Yaya, wannan ƙullin da kike yi shi ke jawo ɓarna." Ya bayyana mini cewa abinci in ya ruɓe inda iska ba ta shiga, cikin leda ko ƙarƙashin tulin shara, iskar metan yake fitarwa, wadda a tsawon shekara 100 take riƙe zafi kusan ninki 28 na iskar kabon. In kuwa iska na ratsa shi, taki yake zama, metan ɗin kaɗan ne. Saboda iskar metan ɗin ne ma aka kafa bututai a jujin Nkolfoulou na Yawunde, don a zuƙo ta a ƙona. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta cewa abincin da ke lalacewa ko ake zubarwa na haddasa kashi 8 zuwa 10 cikin 100 na iskar da ke ɗumama duniya. Ni da nake tsaye gaban murhu a zafin Afrilu, kuma na ga abin da ambaliyar 2024 ta yi wa mutanen Yagwa, maganar ta shige ni.

Dabbobi nake fara ba hakkinsu. Ganye da ɓawo na awaki ne, ƙanzo in shanya wa kaji. Wanda ko akuya ta ƙi, shi ke zuwa gindin darbejiya bayan ɗakin girki, inda nake haɗa taki.

Karan dawa nake shimfiɗawa a ƙasa don iska ta samu hanya. Sai sharar girki, sai busasshen ganye ko ƙaiƙayi wanda ya fi ta yawa, sai kashin awaki, in yayyafa ƙasa. Duk mako ina juya shi da shebur. In na cusa hannu na ji zafi a tsakiya, aiki na tafiya. In wari ya tashi, ya shaƙe ne, wato metan ɗin da nake gudu ya fara fita, sai in ƙara busasshe in juya. Nama, ƙayar kifi da mai ba sa shiga, don ɓeraye da karnuka.

Abin da ya fi ba ni aiki shi ne ruwa. Da hunturu da bazara tulin bushewa yake ƙayau, ya zauna ba ya ruɓewa. Ruwan wankin shinkafa da na ganye nake zuba masa, banda mai sabulu, har in na damƙa ya dunƙule ba tare da ya ɗiga ba. Da damina kuma rami ba ya yi, ruwa ke kwanciya a ciki ya toshe iska. Gara a tara shi a kan tudu a rufa masa tsohuwar zana. Cikin wata biyu zuwa uku ya yi baƙi, yana ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa.

Wani dattijo mai lambu a bakin Binuwai ke kwasar yawancin takin, tunda takin zamani ya yi tsada daga 2022. "Hajiya, naki ya fi riƙe laima," in ji shi, kuma alayyafo da kuɓewa yake kawo mini a madadi.

Har yanzu ledar dunƙulen ɗanɗano da ta ruwan sha ne ke ɓata mini taki, don ba sa ruɓewa. Na ajiye bokiti biyu kusa da masu wanke-wanke, ɗaya na abinci ɗaya na leda, kuma duk yarinyar da na ɗauka aiki, wannan nake fara nuna mata kafin ta taɓa tukunya.