Ranar da na sanar da rasuwar Goggo a WhatsApp

Ni na buɗe wa danginmu zauren WhatsApp a 2023, lokacin da aka rufe iyakar Ɗan Issa, zuwa Jibiya da Katsina ya gagara. 'Yan'uwa sun rarrabu, wasu nan Maraɗi, wasu Tibiri, wasu Yamai, wasu can Najeriya. Na yi zaton na tara kowa wuri ɗaya.

Ba a yi mako ba na ga kowa da yadda yake amfani da wayarsa. Ƙannena 'yan lakwal rubutu suke yi, Faransanci guntu-guntu gauraye da Hausa, kalma uku sun gama sun koma TikTok. Manya kuwa murya suke aikowa. Inna ba ta yi boko ba, amma ba wanda ya kai ta aika saƙo. Nata yakan kai minti huɗu: sallama, ina gajiya, ina yara, yaya ruwa, yaya gero a gona, sannan abin da ya kawo ta. A da ina ƙosawa. Yanzu ina ganin ita ce ke shiga gidan mutane da ladabi, mu ne ke faɗawa ba sallama.

Abin da ya fi koya mini hankali shi ne rasuwar Goggo. Da asuba Allah ya yi mata cikawa, kafin rana ta fito na rubuta a zaure, har da lokacin jana'iza. Niyyata kada wani ya rasa sallar gawa. Ashe Kawu, ƙanenta da ke Tibiri, ba ya buɗe wayarsa da kansa. Jikansa ne ya karanta masa a ƙofar masallaci, gaban jama'a.

Ya zo aka yi sutura, bai ce mini komai ba. Sai bayan sadakar uku ya kira ni gefe, ya ce, "Ɗana, ciki ɗaya muka fito da ita. A bakin yaro zan ji?" Na durƙusa na roƙi gafara, har yau idan na tuna sai jikina ya yi sanyi.

Tun daga nan, mutuwa ko haihuwa ko sa rana, sai na kira manya ɗaya bayan ɗaya, daga babba zuwa ƙarami, na gaishe su yadda ya kamata, sannan na rubuta wa yara. Kawu kuwa, in labarin mai nauyi ne, babur nake hawa in tafi Tibiri da kaina.