Abin da mutanen Nambikwara suka koya mini game da kyamara

Aikina tace fim ne, kuma kafin na shiga kwas ɗin ɗaukar finafinan rayuwa, sanina da 'yan asalin nahiyar Amurka bai wuce na finafinan kaboyi ba: mutane da gashin tsuntsu a ka, suna ihu a kan dawaki, ana harbinsu suna zubewa.

Malaminmu ya kawo mana labarin Vincent Carelli, wanda ya fara shirin Vídeo nas Aldeias a Birazil a 1986, yana kai bidiyo ƙauyukan 'yan asali. Ya ɗauki bikin balagar 'yan mata na ƙabilar Nambikwara, ya kunna musu a talabijin nan take. Da suka ga kansu sai ransu ya ɓaci. Riguna da wandunan birni sun rufe adonsu na gargajiya, bikin ya fito ba armashi. Suka ce a sake. Suka yi kwalliyarsu yadda kakanninsu ke yi, har suka dawo da hujin hanci da leɓe da suka bari shekara kusan 20. Wannan ya tsaya mini a rai ƙwarai. Waɗanda aka ɗauka su ne suka fara kallo, su ne kuma suka yanke hukuncin yadda za a gan su.

Daga 1997 shirin ya koma koya wa matasan ƙauyukan ɗauka da tacewa da hannunsu. Cikinsu akwai Takumã na ƙabilar Kuikuro a yankin kogin Xingu, wanda ya shiga cikin masu ba da umarnin fim ɗin As Hiper Mulheres na 2011, kan bikin mata na Jamurikumalu. Matar da ta haddace waƙoƙin bikin duka tana kwance ba lafiya, kowa na fargabar ta tafi da su. Fim ɗin da harshensu ne, da barkwancinsu, matan na tsokanar maza ba ɗar-ɗar, don mai kyamarar ɗan gida ne. Baƙo, komai ƙwarewarsa, da wuya su saki jiki da shi haka.

Yanzu idan na ɗauki tsofaffin mata suna waƙar daka, ba na taɓa tacewa sai na koma da kwamfuta tsakar gidan, mun zauna a tabarma sun kalla. Wata ta ce baiti ya tsallake, wata ta ce a cire inda ɗankwalinta ya zame. Abin yana cin lokaci, masu ba da aikin kan yi ƙorafi, ni kuwa na sa shi cikin sharuɗɗan karɓar aiki.