Kafin a ɗora masa hannu: yadda ake horar da fasto mai ra'ayin sauyi

Ɗalibin da ya fito daga makarantar tauhidi da ra'ayin sauyi yakan zo da kaya masu kyau a ka. Ya san tarihin rubuta Littafi Mai Tsarki, ya haddace abin da annabawa Amos da Mika suka faɗa a kan zaluntar matalauta, ya yarda mace za ta iya hawa mumbari, yana son zaman lafiya da mabiya wasu addinai. Shekara uku na karatun digiri na biyu, wanda manyan ikkilisiyoyin Amurka suka saba nema kafin naɗi, kan ba shi duk wannan. Abin da aji ba ya bayarwa shi ne yadda zai zauna da matar da mijinta ya rasu daren jiya ba tare da ya cika ta da surutu ba. Ikkilisiya kuwa ba ta cika karɓar sabon ra'ayi daga bakin wanda bai zauna da ita a ranar kuka ba.

Shi ya sa horon asibiti ya fi kowane sashe nauyi. Anton Boisen, fasto ne wanda shi kansa ya yi jinyar taɓin hankali, ya fara kai ɗaliban tauhidi asibitin Worcester a jihar Massachusetts a 1925, don su karanci mutane yadda suke karanta littattafai. Daga nan tsarin da ake kira CPE, wato horon aikin fasto a asibiti, ya samo tushe. Zango ɗaya awa 400 ne: aƙalla 100 na zama da mai horarwa da abokan karatu, sauran a gefen gadon marasa lafiya.

Babban makamin wannan horo shi ne rubuta hira kalma da kalma. Ɗalibi ya ziyarci majinyaci, ya fito, ya rubuta abin da kowa ya ce tun a ranar, kafin zuciya ta gyara masa maganarsa. Ya sakaya sunan majinyacin, ya sa wa kowane layi lamba, a gefe kuma ya rubuta abin da ya ji a ransa. Sai a karanta a gaban 'yan ajinsa. A nan asiri ke tonuwa. Majinyaciya ta ce, "Allah ne yake hukunta ni." Ɗalibi mai ra'ayin sauyi yakan yi wuf ya ce Allah ba haka yake ba, ya shiga bayani. Tauhidinsa na iya zama daidai, amma ya rufe ƙofar da matar ta buɗe, domin sau da yawa akwai wani abu da take son furtawa. Da ya ce, "Me ya sa kike ganin haka, Mama?" ya yi shiru, da ya ji. Dalilin gaggawar kusan kullum ɗaya ne: shirun ya fi damun ɗalibin fiye da majinyaciyar.

Idan aka tura shi ikkilisiya, a fara da yarjejeniya a rubuce: awa nawa a mako (goma zuwa goma sha biyar sun isa ga wanda ke karatu), buri uku da za a iya aunawa, da abin da ba a ba shi izini ba tukuna, kamar jagorantar jibin Ubangiji (ibadar raba gurasa da ƙoƙo) a ɗariƙun da suka keɓe shi ga naɗaɗɗu. A tsayar da awa ɗaya kowane mako ta ganawa da babban fasto. Wannan awar ce ta fi saurin lalacewa. Takan koma tsara wa zai karanta nassi ran Lahadi, ko a ɗage ta saboda jana'iza har wata ya wuce. Ɗalibin ne ya kamata ya zo da abin tattaunawa, mai horarwa kuma ya fi yawan tambaya. Wata matsalar: wanda ke horar da shi shi ne zai rubuta rahoton da naɗinsa ya rataya a kai, don haka ɗalibi yakan ɓoye kurakuransa. A nema masa wani dattijo daban, wanda ba ya ba da maki, da zai riƙa buɗe wa cikinsa.

Wajen wa'azi, a sa shi bin jadawalin karatun nassi na shekara uku, irin wanda aka sabunta a 1992, inda linjilolin Matiyu da Markus da Luka ke karɓa-karɓa. Idan aka bar shi ya zaɓa, kullum zai koma ayoyin adalci da yake so. A ɗauki wa'azin a murya, a sa mutum huɗu zuwa shida daga cikin jama'a, tsofaffi da matasa, har da wanda bai yarda da ra'ayinsa ba, su amsa tambaya biyu: me kuka ji, a ina hankalinku ya tafi? A gyara abu ɗaya tak bayan kowane wa'azi. Kuskuren da ya fi yawa shi ne juye karatun zango guda cikin minti goma sha biyar, da muryar mai tsawata wa mutanen da bai gama sanin sunayensu ba.

Ya kuma zauna a taron dattawa, ya koyi karanta kasafin kuɗi layi-layi. Shawarar da aka fara ji a zauren taro takan mutu a nan. Wadda aka bi dattawa ɗaya-ɗaya da ita tun kafin ranar ita ke rayuwa.

Akwai ƙa'idojin da ba a jira sai an yi kuskure kafin a koyar da su. Manya biyu a duk inda yara suke. Mutum biyu wajen ƙirga kuɗin baiko na coci. Ganawar sirri a ɗakin da ake hango ciki. Kada ya yi alkawarin rufe magana gaba ɗaya, domin idan ta shafi cin zarafin yaro ko barazana ga rai, dole a kai ta gaba. Matsalar da ta wuce ganawa uku ba ta sassauta ba, a haɗa mai ita da ƙwararre.

Barinsa ikkilisiyar ma horo ne. A sanar da jama'a wata guda kafin ranar, ya zauna da babban fasto ya miƙa masa sunayen marasa lafiya da masu makokin da yake bibiya, ya kuma gaya wa kowannensu da bakinsa wanda zai riƙa zuwa bayansa.