Wuta Nake Fara Dubawa Kafin Komai

Wutar da ke shigowa ta soket mai kai-komo ce, wadda muke kira AC. A yawancin ƙasashe bolt 220 zuwa 240 ce, tana kai da komowa sau 50 a daƙiƙa, a Amurka kuwa bolt 120 ce, sau 60. Kwamfuta da talabijin da wayar hannu ba sa cin irinta. DC suke so, mai tafiya gefe guda, bolt 5 ko 12 ko 19. Ƙaramin fanel ɗin da ke juya wannan zuwa waccan shi ne ya fi koya mini aiki a cikin duk abin da nake gyarawa.

Babban abin da na gane shi ne, na'ura kan yi ciwo a wani wuri alhali tushen ciwon yana ɓangaren wuta. Za ka ga tana kashe kanta tana kunnawa, ko hoto yana rawa, ko sifika tana gurnani. Sai a yi ta canza kayan da lafiyarsu ƙalau, mai kaya yana ta biya. Shi ya sa ba na taɓa komai sai na tabbatar da lafiyar wutar.

Tabbatarwar ma akwai yadda ake yin ta. Mitar auna wuta za ta nuna bolt 12 cif idan ba a jona komai ba, domin ko fanel mai rauni yana iya riƙe wannan lambar in ba a ɗora masa nauyi ba. Ana ɗora lodi sai ta zube zuwa 9 ko 10. Akwai kuma abin da mita ba ta gani sam. Dayod huɗu, ƙananan kayan da ke barin wuta ta wuce ta hanya ɗaya kawai, su ne ke miƙe wutar ta koma gefe guda, amma tana fitowa da tudu da kwari, kafasita, wadda ke ajiye wuta na ɗan lokaci ta sake ta, ita ce ke cike kwarin. Idan kafasita ta gaji, tudun da kwarin suna nan, mita kuwa matsakaici kawai take nunawa. Sai osiloskop, na'urar da ke zana siffar wutar a allo, ke tona asirin.

Abin da ke gajiyar da kafasita zafi ne. Akwai ruwa a cikinta, zafi yana busar da shi sannu a hankali har kanta ya kumbura, wata ma ta mutu ba tare da ta kumbura ba. A jikinta ake rubuta digiri 85 ko 105, iyakar zafin da aka gwada ta a kai. Ƙa'idar da masu ƙerawa ke bi ita ce, duk digiri 10 da aka rage, kwananta yana kusan ninkawa. Don haka in zan canza, mai 105 nake sawa, in nisanta ta da ƙarfen da ke ɗaukar zafi, in share ƙurar da ta toshe hanyar iska. Raina yana ɓaci in na ga fanel mai kyau an cusa shi cikin akwatin da ba ko huda ɗaya.

Sai batun rai. Wutar bolt 230 in an miƙe ta tana kaiwa wajen bolt 325 a babbar kafasita, kuma tana iya kwanciya a ciki bayan an zare filogi. Da rizisto, abin da ke rage gudun wuta, ake sauke ta, a auna, sannan a kai hannu. Wannan nake fara nuna wa duk yaron da ya zo koyo. Sannan in nuna masa ratar da aka bari tsakanin ɓangaren wutar soket da ɓangaren da mutum ke taɓawa. Caja mai araha nan take yin ƙwauro, abin da ke tsakanin hannun mutum da wutar soket ya zama ɗan siririn fili.

Fiyus ba ya ƙonewa haka kawai. Mai naɗa masa waya ya kori mai gadi ne ya bar ɓarawo a gida. A nemo dayod ko taransisto (mai buɗewa da rufe hanyar wuta) da ya lalace ya haɗe, a canza, sannan a gwada ta hanyar jona ƙwan fitila mai filamen a layin shigar wuta. In ya haska sosai ya ƙi dushewa, da sauran matsala a ciki.

Wajen zaɓen sabo kuma, na'urar da ke jan amfiya 2 (ma'aunin yawan wutar da take ci) ba na ba ta fanel mai amfiya 2 daidai. Mai 3 nake nema, musamman in akwai mota (injin da ke juyawa da lantarki) ko fanka a ciki, domin lokacin tashi suna jan ninkin abin da suke ci in sun daidaita.