Ankwa da mari a cikin jirgi

Alhamis, 6 ga Fabrairu 2025, Bauchi.

Hazo ya rufe gari tun asuba. A teburin mai shayi da ke bakin Wunti waya ɗaya ce ta yi ta yawo hannu zuwa hannu: bidiyon 'yan Indiya da Amurka ta kora, suna jan ƙafa zuwa jirgin soja, ankwa a hannu, mari a ƙafa. Su 104 ne, jiya suka sauka a birnin Amritsar na Indiya, kuma waɗanda suka yi magana da 'yan jarida sun ce kusan awa 40 suka yi a ɗaure.

Wani dattijo, tsohon gandiroba, ya kurɓi shayinsa ya ce, "Alhaji, wanda ya shiga gidan mutane ta katanga ai ba shi ke zaɓar ƙofar fita ba." Alhajin ya ce, "Baba, kora daban, wulaƙanci daban. Rashin takarda ba fashi da makami ba ne." Aka yi ta ja-in-ja a kan mutunci har shayi ya huce, babu wanda ya taɓo numfashi, alhali nan ne ake mutuwa.

Mutum yana shaƙar iska ne idan ƙirjinsa ya buɗe, tantanin da ke tsakanin ƙirji da ciki ya sauka. To a sa masa ankwa ta baya, a zaunar da shi a kujerar jirgi mai matsi, sannan a danna kansa zuwa gwiwa don kada fasinjoji su ji ihunsa. Ciki ya tokare tantanin, nauyin masu danna shi ya hana haƙarƙari motsi, ga shi ya gama kokawa jikinsa na neman iska fiye da kullum. Yana ta fizge-fizge don ya samu numfashi, masu rakiya su ɗauka taurin kai ne, su ƙara dannawa. Idan ya yi shiru su ce ya saduda. Kuma jin yana magana ba ya nuna iskar tana isarsa.

Haka Jimmy Mubenga ɗan Angola ya mutu a filin jirgin Heathrow na Landan a 2010 ana shirin mayar da shi ƙasarsu, fasinjoji suna jin yana cewa ba ya iya numfashi. Masu binciken mutuwarsa sun ce kisa ne ba bisa ƙa'ida ba, amma kotu ta wanke masu gadi uku da suka raka shi a 2014. Kafin shi akwai namu 'yan Najeriya. Semira Adamu, mai shekara 20, 'yan sandan Beljiyam sun danna fuskarta a matashin kai cikin jirgi a Satumban 1998, har ministan cikin gida ya yi murabus. Marcus Omofuma kuwa liƙe masa baki aka yi da salatif a jirgin da ya tashi daga Biyana ta ƙasar Ostiriya ranar 1 ga Mayu 1999, bai sauka da rai ba.

Bayan irin waɗannan ne Majalisar Turai (Council of Europe) ta fitar da ƙa'idoji 20 kan mayar da baƙi ƙasashensu da ƙarfi a 2005: ɗauri ya zama daidai da turjiyar da mutum ya yi ko ake da dalilin tsammani, kada a toshe hanci ko baki ko kaɗan, kada a lanƙwasa shi yadda numfashi zai tsaya, allurar barci kuma sai da hukuncin likita. Ni a ganina nan ne jirgin jiya ya gaza. A ɗaure wanda ya ciji jami'i ko yake neman ji wa kansa rauni, wannan ana iya kare shi. A jera ɗaruruwan ƙafafu a mari ba tare da an duba kowa shi kaɗai ba, lalaci ne aka sa wa rigar tsaro. Ga daskarewar jini a ƙafa saboda doguwar zama, ga shiga banɗaki da cin abinci a ɗaure, ga tambayar yadda mai mari zai fita idan wuta ta tashi. A jirgin fasinja matuƙi yana iya cewa a sauke mutum, ga kuma idon jama'a. A jirgin soja ko na shata babu idon jama'a.

Da la'asar tsohon gandiroban ya dawo kan maganar da kansa. Ya kama wuyan hannun yaron mai shayi ya nuna: ankwa ta gaba ake sawa idan tafiya ce mai nisa, a bar sararin da ɗan yatsa zai shiga, a danna makulli na biyu don kada haƙoranta su ci gaba da matsewa idan mutum ya motsa. Ba a yi haka ba, jijiyar bayan babban yatsa ta matsu, hannu ya yi makonni yana sanyi kamar ba naka ba.

Alhaji ya ce, "Baba, ashe kai ma ka san da ciwo." Dattijon ya saki hannun yaron, ya ce a ƙara masa madara.