Mako na shida: gari ya zama riga

'Yan'uwa masu koyon wannan wasa, yau mako shida ke nan ina fama da kacici-kacicin cike gidajen haruffa, irin mai ɓoyayyar ishara da jaridun Ingila suka fara bugawa a shekarun 1920. Ƙa'idarsu ba ta da yawa: kowace ishara tana ɗauke da ma'anar kalmar a gefe guda, a ɗaya gefen kuma dabarar da za ta kai ka gare ta. Ni burina in sa karin magana ta riƙe ma'anar.

Ta farko da ta yi mini daɗi ita ce: “Komai nisan dare zai waye, ana kuma jiƙa shi da sukari a Aboabo (4).” Lambar da ke cikin baka yawan haruffan amsar ce. Amsa GARI: garin da ke wayewa, da garin rogo da ake jiƙawa a Aboabo, unguwa a Kumasi. A baki kalmomi biyu ne daban, amma boko ba ya nuna tsawon wasali ko karin sauti, sai suka kwana gida ɗaya. Wannan gata ce babba gare mu.

Inda na sha wuya shi ne hautsina haruffa yadda Turawa ke yi. Na kai wa kawuna irin waɗannan isharori guda uku a majalisarsu bayan isha'i, ya duba ya ce, “Ɗana, ba a cin kalma haka.” Da farko na ji zafi, amma gaskiya ya faɗa. Kunnen Bahaushe gaɓa yake kamawa. Da na ce masa ya juya gari, kafin in rufe baki ya ce riga. Daga ranar na bar hautsina haruffa, na koma juya gaɓoɓi. Ga wadda na samu ina cikin trotro, motar haya, hanyar kasuwar Kejetia: “Juya saƙa, ka ga inda jifa zai faɗo (4).” ƘASA.

Ita kuma ta jawo rigimar ƙugiya. Yawancinmu a WhatsApp ba ma sa ta, alhali kasa maciji ce, ƙasa kuwa abin takawa. Na yanke cewa ƙ, ɗ da ɓ haruffa ne masu zaman kansu, ba za su haɗa gida da k, d ko b ba. Maganar sh da ts ban gama ba tukuna.

Wadda na fi ƙauna har yanzu karin magana biyu ta haɗa: “Ma ya tari wanda ya kori ji, amma rigakafi ya fi shi (6).” MA da GANI, MAGANI. Aibinta ɗaya, manya suna ƙarasa karin maganar tun ba su kalli dabarar ba, aikin kwana biyu ya tafi a numfashi guda. Shi ya sa yanzu nake gutsuro rabinta kawai, in lulluɓe ta cikin zance na yau da kullum.

Ga ta wannan makon, ku gwada kafin Juma'a: “Za ka juya, amma sabo da ita ba ya hana yanka (4).”