Gidan da Aka Ce Iblis Ya Yi Karta a Ciki

Da hantsi muka bar Dublin, babban birnin ƙasar Ireland, muka nufi kudu, muka ratsa gundumar Wexford har zirin ƙasar nan da ake kira Hook, inda teku ke dama da hagu. Iska ba ta barin itace ya yi tsayi a wurin, shi ya sa tun daga nesa ake hango Loftus Hall, bene hawa uku, tsaye shi kaɗai a fili. Lokacin ana barin baƙi su shiga. A 2020 aka rufe.

Iyalin Redmond ne suka fara gini a nan wajen 1350. Bayan yaƙin Cromwell, jagoran sojojin Ingila da suka mamaye Ireland, aka ƙwace musu, gidan ya koma hannun iyalin Loftus.

Sai da muka shiga wani ɗaki mai warin raɓa sannan ɗan rakiya ya soma ba mu labarin da ya kawo kowa. Wai wani dare ana hadari, baƙo ya sauko daga jirgin ruwa ya nemi masauki, Charles Tottenham, mai riƙe da gidan a lokacin, ya karɓe shi. Ana cikin karta, 'yarsa Anne ta sunkuya ɗaukar katin da ya faɗi, ta ga ƙafar baƙon kofato ce. Nan take ya fasa rufi ya ɓace. Yarinya ta zauce, aka kulle ta a ɗaki har ta rasu a 1775. Da motsi ya ishe su cikin dare, masu gidan, duk da 'yan Furotesta ne, limamin Katolika suka kira, Thomas Broaders, ya yi addu'ar korar shaiɗanu.

Aka nuna mana inda rufin ya fashe, kowa ya ɗaga kai. Ni dai ban gamsu ba, don a farkon shekarun 1870 aka rushe yawancin tsohon ginin aka tayar da wannan, kusan shekara ɗari bayan mutuwar Anne. Mai gidan na wancan lokacin ya narkar da dukiya wajen ginin yana sa ran Sarauniya Victoria ta Ingila za ta sauka, ba ta ko leƙo ba. Matakalar katakon da ya sa aka sassaƙa kuwa ta fi fatalwar ɗaukar hankalina.

Daga 1917 matan zuhudu suka zauna a ciki shekaru da dama, a 1983 ya zama otal, shi ma bai daɗe ba ya durƙushe. Da muka fito yayyafi ya soma, muka ƙarasa hasumiyar fitilar jiragen ruwa ta Hook, wadda ke aiki tun ƙarni na 13, muka sha shayi.